Kafin ka jefa oba-oba cikin jakar tafiya ƙasar waje

Sana'ata saita oba-oba da gyaranta, a nan Kano. Akasarin masu zuwa wurina 'yan kamfanin gadi ne, da masu shirya taro, da 'yan fim. Amma da zarar Umrar azumi ta gabato, ko lokacin baje kolin Guangzhou ta ƙasar Sin na watan Afrilu da na Oktoba, sai wasu irin baƙi su fara sallama: jagoran ayari mai tsoron kada tsofaffinsa su ɓace masa a cunkoso, ɗan kasuwar da zai shiga babbar kasuwa da yaransa, wani kuma iyali zai kai hutu. Duk tambayarsu ɗaya ce, wacce zan saya in tafi da ita? Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba, ni ma ba ta yi wa aljihuna daɗi, domin yawanci cewa nake kada ka saya a nan. Izinin magana da oba-oba ba a jikin na'urar yake ba. Na ƙasar da kake tsaye a cikinta ne, kuma kana tsallake iyaka ya ƙare.

Dalilin ba boyayye ba ne. Mitocin rediyo dukiyar gwamnati ce a kowace ƙasa, ita ke rabawa. Akwai ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, mai hedikwata a Geneva, wadda aka kafa tun 1865, ta raba duniya shiyya uku. Mu a Afirka muna shiyya ta 1 tare da Turai da ƙasashen Larabawa da Rasha. Nahiyar Amurka ce shiyya ta 2. Sauran Asiya da Ostireliya su ne ta 3. Ko a cikin shiyya ɗaya ma kowace ƙasa tana da nata rabon na cikin gida. Abin kamar rumfunan kasuwa ne: layin da yake na masu tumatir a wannan kasuwar, a wata kasuwar mahauta ne a wurin, kuma ba ka isa ka baje kwandonka ba don kawai a garinku nan ne wurinku. Mitar da yara ke wasa da ita a Amurka, a wata ƙasar wani ya biya kuɗi ya karɓi lasisinta, ko kuma ta 'yan kwana-kwana ce.

Fara da cire batir

Duk wanda ya kawo mini na'ura ya ce zai fita da ita, ba na kunna ta. Juya ta nake, in danna maɓallin baya, in zare batir. A ƙarƙashinsa akwai 'yar takarda mai sheƙi da aka manna, rubutunta ƙanana sai ka matso da ita kusa da ido. Abu uku nake nema a kanta. Na farko lambobin mita, misali 446 ko 462 zuwa 467, ko kuma doguwar tazara irin 136 zuwa 174 da 400 zuwa 520, duk a ma'aunin megahaz. Na biyu ƙarfinta, wat nawa take fitarwa. Na uku tambarin hukumar da ta gwada ta ta amince: lambar FCC ta Amurka, ko alamar CE ta Turai, ko wani tambarin ƙasa. Bayan nan sai in kama eriya in murɗa. In ta kwance ta fito a hannuna, to na riga na san rabin amsar, saboda a Amurka da Turai ƙananan na'urorin da aka yafe wa lasisi eriyarsu a liƙe take, ba ta cirewa. An yi haka ne da gangan don kada wani ya ɗaura doguwa ya ƙara mata nisa.

Ka ɗauki hoton wannan takardar da wayarka. Duk wasiƙar da za ka rubuta wa wata hukuma, da duk tambayar da jami'in kwastan zai yi maka, a kanta amsar take. In babu takardar ɗungurungum, ko akwai ta amma babu tambarin kowace hukuma, ajiye na'urar a gida.

Waɗanda ba su buƙatar lasisi, amma a gidajensu kawai

Manyan gidaje biyu ne a nan, kuma a tsakaninsu mutane suka fi ruɗewa.

Na Amurka shi ake kira FRS, hukumar FCC ta buɗe shi a 1996. Tashoshi 22 ne a kan mita 462 da 467. Tun gyaran dokar 2017, tasha ta 1 zuwa 7 da ta 15 zuwa 22 ana iya kai su wat 2, ta 8 zuwa 14 kuma rabin wat. Ba lasisi, ba rajista, ka saya a kanti ka kunna. Kanada ma ta yarda da waɗannan tashoshin ba tare da lasisi ba, matuƙar ba a wuce wat 2 ba. Su ne irin masu launin ruwan ɗorawa ko shuɗi da ake sayarwa bibbiyu cikin roba, waɗanda 'yan'uwa ke aiko wa yara tsaraba.

Na Turai kuma PMR446 ne. Yana tsakanin 446.0 da 446.2, tashoshi 16 a yanzu, a da 8 ne, kuma ƙarfinsa rabin wat ne kacal. Wanda ya saya a Landan zai iya amfani da shi a Faransa da Jamus da Italiya da Sifen ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Wannan ne gata mafi girma da matafiyi ke da shi a wannan harkar, na'ura ɗaya ƙasashe da yawa.

To amma kada ka haɗa su. Tasha ta 1 a na'urar Amurka tana kan 462.5625, tasha ta 1 a ta Turai tana kan 446.00625. Ko kuna tsaye kafaɗa da kafaɗa ba za ku ji juna ba. Wannan ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce mita 462 da 467 a Turai ba na jama'a ba ne, an raba wa masu lasisi, don haka wanda ya kunna FRS a Ingila ya karya doka ko da gaisuwa kawai ya yi. Haka in aka juya: mita 446 a Amurka ta faɗa cikin rabon 'yan rediyon sha'awa masu lasisi, wato masu hira da juna ta rediyo don sha'awa ba don sana'a ba, wanda ya tashi daga 420 zuwa 450, har ma 446.000 ita ce mitar da suke kiran juna a kanta a faɗin ƙasar. Ka shiga nan da PMR446 ba lambar kira, wato lambar shaida da hukuma ke ba mai lasisi, kamar ka yi sallama ne cikin mutanen da aikinsu ke nan sauraro, kuma sun iya gano inda sigina ke fitowa.

Sauran ƙasashe kowa da nasa. Sin tana da tashoshi 20 na jama'a a kan mita 409, rabin wat. Mai zuwa Guangzhou ko Yiwu ya lura: kasancewar a can ake ƙera akasarin oba-obar duniya bai sa an halatta kunna kowacce a can ba, yawancin abin da ke kan kanta na fitarwa waje ne. Ostireliya da New Zealand suna kan 476 zuwa 477, tashoshi 80, har wat 5, ba sai ka nemi takarda ba. Sai dai a Ostireliya tasha ta 5 da ta 35 na neman agajin gaggawa ne, ba a hira a kansu, ta 40 kuwa ta direbobin manyan motoci ce. A Tailan na'urorin jama'a ja ne jikinsu, suna kan mita 245, daga nesa jami'i zai gane abin da ke hannunka. Indiya ta yafe lasisi a kan 446 mai rabin wat tun 2018. Jamus tana da wani nata na cikin gida mai suna Freenet a kan 149, wanda bai tsallake iyakarta.

Japan ce ta fi kowa tsanani cikin waɗanda na sani. Ƙananan na'urorinsu marasa lasisi miliwat 10 suke fitarwa, wato kashi ɗaya cikin ɗari na wat ɗaya, kuma dole su ɗauki tambarin gwajin ƙasar. Dokar rediyonsu ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 ko tarar da za ta iya kai yen miliyan 1 ga wanda ya kafa tasha ba izini, kuma oba-obar hannu ma tasha ce a idon doka. A wuraren wasan ƙanƙara irin Niseko da ke tsibirin Hokkaido, hukuma kan yi ta gargaɗin baƙi su daina kunna na'urorin da suka zo da su daga Amurka da Ostireliya.

Baofeng, wadda ta cika kasuwarmu

A nan zan ɗan daɗe, don ita ce a hannun kusan kowa. Na'ura ce mai araha, mai juriya, ni ma da ita nake cin abinci. Amma ita ce mafi hatsarin abin da za ka ɗauka zuwa wata ƙasa.

Ɗauki UV-5R, wani samfurin kamfanin Baofeng. Tana magana daga 136 zuwa 174, sannan daga 400 zuwa sama, tana fitar da wat 4 zuwa 5, eriyarta tana cirewa, kuma da maɓallan da ke gabanta kowa zai iya buga mitar da ya ga dama. Duk sharuɗɗan da na lissafa a sama ta saɓa musu. Mutane sukan ce mini, to ai sai ka saita mini ita a kan tashoshin Turai ɗin, ka rage mata ƙarfi. Zan iya, da manhajar CHIRP da 'yar igiyar kwamfuta aikin minti kaɗan ne. Sai dai hakan bai halatta ta ba. Dokar ba mita kawai take kallo ba, tana kallon ita kanta na'urar, shin an gwada ta an amince da ita don wannan aikin? UV-5R ba FRS ba ce, ba kuma PMR446 ba ce, ko da an zuba mata lambobinsu. A watan Satumban 2018 FCC ta fitar da gargaɗi musamman kan irin waɗannan na'urori masu araha da ake shigowa da su, waɗanda ke iya magana a mitocin da ba a ba su izini ba.

Sannan ka dubi abin da ke kwance cikin wannan tazarar. Mita 156.8 ita ce tasha ta 16 ta jiragen ruwa, wadda duk duniya ake neman ceto a kanta. Mita 406 ta na'urorin da ke aika wa tauraron ɗan'adam saƙo ne idan jirgin sama ya faɗi ko na ruwa ya nutse. Duk biyun suna cikin abin da yatsan yaro zai iya bugawa a kan UV-5R yana wasa a ɗakin otal a Jidda ko Dubai, garuruwan da ke bakin teku.

Ƙanwarta BF-888S, mai tashoshi 16 da ba ta da allo, ita ta fi yaudara. Mutum ya buɗe kwali, ya murɗa zuwa tasha ta 1, ya ji abokinsa ya amsa, shi ke nan ya ɗauka an gama. Lambobin da aka zuba mata daga masana'anta na gwaji ne, a warwatse suke tsakanin 450 da 470, kuma ba wanda ya tsara su don su dace da dokar wata ƙasa. Mai riƙe da ita bai ma san a kan mitar wa yake magana ba.

Wani abu da ba a cika sani ba: a wasu ƙasashen sauraro kaɗai ma laifi ne. A Birtaniya dokar 2006 ta hana mutum ya saurari saƙon rediyon da ba don shi ko don jama'a aka aika ba. Saboda haka hujjar "ni ji kawai nake, ba na magana" ba ta tsayawa ko'ina.

Filin jirgi da kan iyaka

Kafin a zo maganar kunnawa, akwai maganar shiga da ita, kuma hukunce-hukuncen biyu daban suke. Wata ƙasar za ta bar ka ka shiga da ita amma ba za ka kunna ba. Wata kuwa mallakarta ba takarda shi ne laifin.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da Myanmar. Bayan sojoji sun karɓe mulki a watan Fabrairun 2021, tuhumar farko da aka yi wa Aung San Suu Kyi, jagorar gwamnatin da suka hamɓarar, ita ce mallakar oba-oba da aka shigo da su ba bisa ƙa'ida ba, kuma a watan Janairun 2022 kotu ta same ta da laifin. Kowa ya san siyasa ce a ƙarƙashi. Abin lura shi ne dokar tana nan a rubuce, jiran ranar da za a buƙace ta take, kuma ƙasashe da dama suna da irinta.

Sai abin da ya faru a Labanan. Ranar 17 ga Satumban 2024 ƙananan na'urorin karɓar saƙo na 'yan Hizbullah suka tarwatse, washegari 18 ga wata oba-oba suka biyo baya. Daga nan kallon da ake yi wa wannan na'urar a filayen jirgi ya canja. Labanan ta hana hawa jirgi da ita daga Beirut. A watan Oktoban 2024 kamfanin Emirates ya sanar da cewa duk mai zuwa Dubai, ko mai tashi daga can, ko mai canjin jirgi a can, ba zai ɗauki oba-oba ba, ko a jakar hannu ko a kayan awo, kuma in aka gani 'yan sandan Dubai za su karɓe. Mu da Dubai ce mahaɗarmu zuwa Sin da Indiya, wannan ya shafe mu kai tsaye. Don haka ba dokar ƙasar da za ka kawai za ka bincika ba. Ka duba ta inda jirgi zai yada zango, ka kuma duba shafin kamfanin jirgin a makon tafiyarka, don irin waɗannan sanarwar suna canjawa.

Inda aka yarda ka ɗauka, na'urar ta kasance a kashe, kada ka kunna ta cikin jirgi ko da wasa. Batiran da ka riƙe na ko-ta-kwana a jakar hannu ake saka su, ba a kayan awo ba, kuma a rufe bakin ƙarfensu da salatif. Girman ba matsala ba ne, batirin da UV-5R ke zuwa da shi wajen wat-awa 13 ne, iyakar da kamfanonin jirgi ke sakawa kuwa 100 ce.

Wayar tauraron ɗan'adam wata maganar ce, amma tun da jaka ɗaya ake zuba su bari in taɓa ta. Indiya tana kama matafiya a filin jirgi saboda Thuraya da Iridium, har da ƙananan na'urorin masu hawan dutse da ke aika saƙo ta tauraro. Mu ma nan mun ga irinta, a 2013 sojoji sun hana amfani da Thuraya a Borno.

Masu zuwa Saudiyya

Wani jagoran ayarin Umra ya taɓa zama a kan bencin shagona da kwalin BF-888S a cinyarsa, yana so in saita masa su duka tasha ɗaya.

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ka nemi izinin shiga da su?"

Ya ce, "Haba Malam, ɗan abin nan? Ai masu gadin unguwarmu ma da shi suke kwana."

Na ce, "A unguwarku ke nan, Alhaji. Can hukumar sadarwarsu, CST, ita ke amincewa da kayan rediyo kafin kwastan su sake su. In aka tsayar da kai a Jidda da kwali guda, mutanenka suna cikin mota da harami suna jiranka, wa zai kai su Makka?"

Shawarar da na ba shi ita nake ba kowa. Ka tambayi kamfanin da ke yi muku hidima a can, su ne ke da rajista a ƙasar, in akwai na'urar da aka amince da ita su za su samo maka. A ganina ma oba-oba ba ita ce maganin ɓacewar alhaji ba. Rabin wat a cikin benaye da dubban mutane ba ya zuwa ko'ina, tsohuwar da ta rikice kuma ba za ta tuna ta danna maɓalli kafin ta yi magana ba. Katin otal a wuya, layin waya na can, da wurin haɗuwa guda da kowa ya haddace, misali ƙofar Sarki Fahad mai lamba 79, sun fi kwalin na'ura amfani.

Maƙwabta ma ƙasar waje ce

Wannan ne muka fi mantawa. Kamfanin da ke da lasisin mita a Najeriya, daga hukumar sadarwa ta NCC ko daga ma'aikatar sadarwa, lasisinsa a Jibiya ko Illela ya tsaya. Maraɗi da Ƙonni hurumin ARCEP ta Nijar ne. A Gana NCA ce, a Kamaru ART, Chadi ma tana da tata ARCEP. Harshe ɗaya muke yi, auratayya muke, amma takardar ba ta san wannan ba. Kuma a halin tsaron da ake ciki daga Zamfara har tafkin Chadi, wanda aka samu da oba-oba a shingen sojoji ba takardar kamfani, ba katin aiki, tambayoyin da zai sha ba na lasisi ba ne. Direban da ke rakiyar kaya ya riƙe wasiƙar kamfani mai ɗauke da lambar jikin kowace na'ura, in kuma babu izinin ɗaya ƙasar, a bar su a ofishin da ke wannan gefen.

In aikin dole sai da lasisi

'Yan fim, masu aikin gini, ƙungiyoyin agaji da masu rakiyar manyan baƙi sukan buƙaci ƙarfin da ya wuce rabin wat. Hanyar ita ce lasisin wucin gadi daga hukumar ƙasar: Ofcom a Birtaniya, ANFR a Faransa, TDRA a Daular Larabawa, ICASA a Afirka ta Kudu. Ka fara da wuri, makonni kafin tafiya, wasu wuraren ma watanni. A wasiƙar ka rubuta sunan kamfanin da ya ƙera, samfuri, lambar jikin kowace guda, tazarar mitar da take iya yi, ƙarfinta, garin da za a yi aikin, ranar farawa da ta gamawa, da sunan wanda ya gayyace ku a can. Kada ka zaɓa wa kanka mita, su za su ba ka, sai ka kawo wa irinmu mu zuba. Takardar da suka turo ka buga ta biyu, ɗaya cikin kwalin na'urorin, ɗaya a jikinka tare da fasfo.

A Amurka akwai hanya mai sauƙi ga iyali, GMRS. Ba jarrabawa, dala 35 ne na shekara 10, kuma lasisi ɗaya ya ishi mutum da iyalinsa. Sharaɗin shi ne ka kai shekara 18 kuma ba wakilin wata gwamnati ba ne kai. Ba a ce sai ɗan ƙasa ba. Za a ba ka lambar kira, ka riƙa faɗinta duk minti 15 da kuma ƙarshen magana, kuma na'urar ta zama wadda aka amince da ita don GMRS. A Birtaniya ƙananan kamfanoni suna da lasisin da Ofcom ke kira Simple UK, mai shekara 5, wanda ke ba da damar amfani da wasu 'yan mitoci da ake tarayya a kansu a ko'ina cikin ƙasar.

'Yan rediyon sha'awa nasu tsarin daban ne. Ƙasashen Turai suna da yarjejeniyar T/R 61-01 tun 1985, wadda ta ba mai cikakken lasisin wata ƙasa damar aiki a wata na ɗan gajeren lokaci, har wata uku, ya sa harafin ƙasar da ya sauka a gaban lambar kiransa. Amurka da Kanada da Ostireliya da Afirka ta Kudu sun shiga. Lasisin Najeriya mai farawa da 5N bai samu wannan gatan ba, mai shi sai ya rubuta neman izinin baƙo. Ya kuma tuna cewa rabon ya bambanta: a shiyyarmu 144 zuwa 146 ne, a Amurka har 148. Wanda zai daɗe a Amurka zai iya zama jarrabawar matakin farko ko ba ɗan ƙasa ba ne, tambaya 35 ce, a ci 26. Sai dai wannan lasisin ba na kasuwanci ba ne. Ba a tafiyar da aikin kamfani ko ɗaukar fim a kansa, a ko'ina.

Abin da ni zan yi

In aikin na kwanaki ne, haya zan ɗauka a can. Kamfanonin haya suna da lasisinsu, na'urorin a saite suke zuwa, da caja mai bakin da ya dace da soket ɗin ƙasar, kuma in wata matsala ta taso su za a nema. In yawon iyali ne, sai na sauka zan shiga kanti in sayi 'yar biyu ta ƙasar, abin da ke kan kantar babban shago an riga an tace shi. In gari ne mai sabis, akwai na'urori masu kamar oba-oba da ake saka wa layin waya, akwai kuma manhaja irin Zello. Waɗannan ta intanet suke bi, ba su cin mitar kowa, nisansu kuma ba iyaka. Sai dai jami'in filin jirgi siffa yake gani, ba zai tsaya tantance mai layi da marar layi ba, kuma wasu ƙasashen Larabawa suna toshe kiran murya ta intanet, don haka a gwada da zarar an sauka.

Kada ka yarda da nisan da aka rubuta a kwali. Mutum biyu a tsaye a fili fetal, lanƙwasar ƙasa kanta ba ta barin su wuce kilomita 8 zuwa 10. A cikin gari kilomita ɗaya ma sai an dace, cikin babban gini kuwa hawa uku ko huɗu na iya raba ku. Lambobin da ake ƙara wa tasha a na'urar, waɗanda ake ce wa na sirri, su ma ba sirri ba ne. Kunnenka kawai suke toshewa daga jin wasu, amma duk wanda bai saka lamba ba yana jin ku tas. Kada a faɗi lambar ɗaki, ko inda aka ajiye kuɗi, ko sunan wanda ke riƙe da fasfo. Ka saurara kafin ka danna, ka gajarta magana, in kuma ka ji wata murya da harshen ƙasar tana magana da alamar aiki take, ku bar mata tashar.

In duk da haka ka tafi da taka, to a wurin kwastan ka bi layin masu bayyana kaya, ka ɗora ta a tebur da kanka tare da takardunta. Wanda ya nuna da wanda aka gano a ƙasan jaka ba hukuncinsu ɗaya ba. In suka ce za su riƙe, kada ka yi gardama, kada kuma ka kai hannu aljihu. Ka nemi rasit mai ɗauke da samfuri da lambar jikin kowace na'ura, ka tambayi ofishin da za ka karɓa ranar fita da ƙarfe nawa suke buɗewa, sannan ranar komawa ka isa filin jirgin da wuri, don sau da yawa ma'ajiyar tana ɓangaren masu sauka ne, ba na masu tashi ba.